Shekarar Da Na Cike Ramin Inna

Usman, saƙonka ya iso, na kuma ji na Hadiza a waya, don na san bakinku ɗaya. Kun ce za ku turo ma'aikata su sare mainar ƙofar gida, su cike ramin bayan gida, a shimfiɗa siminti ko'ina, saboda kun gaji da jin 'yan unguwa suna cewa sun ga ubanku da tsintsiya da sassafe kamar wanda bai haifa ba. Na gode, Allah ya yi muku albarka. Amma ku dakata da ma'aikatan nan tukuna ku karanta wannan, domin ramin nan an taɓa cike shi sau ɗaya, kuma ni ne na sa aka cike shi. Kun taso kuna jin ana ce mini Sarkin Shara a unguwarmu ta Bolewa, mahaifiyarku kuma ta ce muku sunan wasa ne na abokai. Rufa mini asiri ta yi, kamar yadda ta saba. Yau zan buɗe da kaina, tun ina da sauran numfashin yin bayani.

Mainar nan kakanku ne ya dasa ta, ita da 'yan'uwanta da suka bi layinmu har kwanar masallaci. Bakano ne, fataucin goro ya kawo shi Potiskum ya zauna, kuma har ya koma ga Allah bai yarda ya ce maina ba, darbejiya yake cewa, ya ce mu ne muka ɓata mata suna. Lokacin da nake ba ku labari ya riga ya rasu, itatuwan kuma sun girma har rassansu sun haɗe a sama, mutum zai bi layin nan da tsakar rana bai san ana rana ba. Amma inuwa tana da ladanta. Daga ƙarshen sanyi zuwa shigowar zafi maina takan zubar da ganye kamar an aiko ta, ka share da safe, kafin la'asar ta mayar maka. Abin da na fi tunawa da Bolewa ta wancan zamani shi ne ƙarar tsintsiya bayan sallar asuba. Daga wannan ƙofa a fara, ta gaba ta karɓa, har layin gaba ɗaya ya ɗauka, ana shara ana gaisawa, wannan da Bolanci, wancan da Barbarci, a haɗu a Hausa. Ga hayaƙin masu ƙosai, ga sanyin safiya bai gama tashi ba. Yanzu in na fito ni kaɗai ne, sai babura.

Duk ganyen layin nan wuri ɗaya yake zuwa, wurin kakarku Inna. Ita 'yar ƙabilar Ngizim ce, a gona ta tashi, kuma zaman gari bai raba ta da ƙasa ba. Ta haƙa rami a bayan gida, faɗinsa ya kai ɗaki, zurfinsa ya kai ƙirjin namiji. In an gama shara, kowane gida sai a aiko mata da kwandon ganye. Ta zuba, ta bi da toka, ta bi da kashin awaki, ta yayyafa ruwan wanke-wanke, sannan ta rufe da ƙasa. Haka kullum, ba Juma'a ba Sallah. Kafin damina ta faɗi abin ya koma baƙi wuluk, mai laushi, sai ta kwashe ta baza a ɗan filinta na kuɓewa da yakuwa da kabewa. Kuɓewar Inna kuwa sai wanda ya ci. Gidan da ya aiko da ganye a rani, da damina za a mayar masa da kwandonsa da kuɓewa a ciki. Ba wanda ya rubuta wannan a takarda, haka kawai aka taso aka tarar.

Da kuɓewar nan, ɗanya da busasshiya, Inna ta sayi akuya. Akuya ta zama tumaki, tumaki suka zama maraƙa, maraƙa ta girma ta zama saniya fara tas mai dogon ƙaho. Kun san mutumin gari ba ya ɗaure saniya a tsakar gida, wurin Bafillatani yake kai ta. Tamu tana garken Jauro Buba, aminin kakanku, wanda ya daina yawo ya kafa gida a bakin unguwa, gab da babban kududdufin da ke gangare. Niyyar Inna ɗaya ce, kowa ya sani: saniyar nan ita ce kujerarta ta Makka. Ta riga ta haifi namiji ya zama bijimi, ga wani cikin kuma. Jauro ya ce in ta haihu lafiya, baɗi sai kara, kasuwar shanu, a sayar da uwa da 'ya'ya, abin da ya rage ni da ƙannena mu cika. Don haka muka sa wa saniyar suna Hajiya. Duk Juma'a da hantsi Inna takan ɗauki dusa da kanwa ta tafi gaishe ta, in ta dawo mu tare ta a zaure.

"Inna, ya Hajiya? Ta ce yaushe jirgi?"

"Ta ce ku ci gaba da dariya, da ku za a raka mu."

To, ni a lokacin duba-gari ne. Shekarun nan ne da aka ba mu jiharmu ta Yobe, komai sabo, kowa yana jin yanzu za a gyara duniya, ni kuma na fi kowa ji. An ba ni sabon kaki, na sayi babur, ina da littafin sammaci a aljihun gaba inda kowa zai gani. In na shiga gida sai mata su bazama ɓoye tsofaffin gwangwanaye, in leƙa randa da tocila, in na ga tsutsar sauro in sa a tuntsurar da ruwan, ko da daga nesa aka ɗebo shi. Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗin abin nake ji. A shekarar ne aka gina mana kwata ta siminti, ta bi gefen layinmu tiryan-tiryan ta gangara ta zube a kududdufin nan. Da can in an yi ruwa sai ya bazu a yashi, ya kwana ya shanye, mu yi ta taka taɓo muna mita. Da aka gama kwatar na tsaya a bakinta na riƙe ƙugu kamar ni na gina ta da kuɗina.

Wata Asabar ta tsaftar ƙarshen wata na tsaya a shagon wani tela, Malam Garba, na ce ya kwashe jujin da ke gefen shagonsa ko in rubuta shi. Mutum ne mai baki, ga jama'a sun taru. Bai ko ɗago daga kekensa ba ya ce:

"Za a kwashe, ranka ya daɗe. Amma mu namu juji a fili yake. Wasu nasu rami guda ne a bayan gida, sai dai doka ba ta da idon ƙeya."

Aka kwashe da dariya. Na hau babur na bar wurin. Da mai hankali ne da ya bar maganar a nan, tunda na san ramin Inna ba juji ba ne, kullum a rufe yake, ko ƙuda ba ka gani. Amma ni ba sauro ne ya dame ni ba, dariyar ce ta dame ni. So nake a ce a Potiskum akwai duba-garin da bai bar ko uwarsa ba. Na isa gida na tarar da ita a bakin ramin tana yayyafa toka.

"Inna, ramin nan za a cike shi."

"Wa ya faɗa ciki?"

"Ba wanda ya faɗa. Doka ce, yana tara sauro."

"To, Malam Duba-gari." Haka take kirana in za ta tsokane ni, don ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana. "Ganyen fa, ina za shi?"

"Ga kwata an gina. A zuba ciki, ruwa ya zo ya tafi da shi."

"Ya tafi da shi ina?"

"Ya tafi da shi dai, Inna."

Ta dube ni, ta kaɗe tokar hannunta ta shige ciki. Tambayar nan tata, kalma biyar, na yi shekara talatin ina amsa ta. A ranar kuwa ban ga abin amsawa ba, gani nake tsufa ne kawai da sabo. Mahaifiyarku ta same ni ina cin abinci, ta zauna nesa kaɗan ta yi ƙasa da murya.

"Malam, ka bi a hankali. Ramin nan ba shara ba ce a wurinta."

"Ke ma kin zama lauya?"

"Ni dai na faɗa."

Asabar da ta biyo na kawo lebura biyu da kurar yashi, na sa aka buɗe ƙofar baya don masu wucewa su gani, har na aika a kira Malam Garba ya zo ya shaida. Inna ta kifa turmi ta zauna tana kallo daga farko har ƙarshe. Da aka daddaɓe wurin ta tashi ta ɗauki kwandonta ta rataye a madafa. Washegari da aka aiko da ganye daga maƙwabta, ta ce a mayar, a ce musu ɗanta ya ce a zuba a kwata.

Aka kuwa zuba. Motar shara ba ta shiga lungunanmu, sun yi mata ƙunci, ga ni kuma na kafa doka cewa kowace ƙofa ta zama fes kafin ƙarfe bakwai. Mene ne ya fi sauƙi? Tsintsiya biyu, ganye ya faɗa kwata. Layin da ke bayanmu suka gani suka kwaikwaya, na gaba ma haka, tunda gidan duba-gari ne ya fara. Wata uku cur ganyen maina yana taruwa a cikin simintin nan, yana danƙarewa, har wani wurin ya zo daidai da baki. Titi kuwa ya yi kyau, ba ƙarya. Manyanmu suka zo zagaye, aka tsaya a layinmu aka yaba, aka ce za a tuna da ni in an tashi ƙarin girma. Na dawo gida na ba Inna labari, ta ce Allah ya sa alheri, ta ci gaba da tankaɗe.

Sai ruwan farko ya sauko, da yamma liƙis bayan la'asar. Kun san al'adarmu: da an ji ɗigon farko a kan kwano kowa sai ya ruga ya kwaso sharar da ya ɓoye ya juye a kwata, a ce ruwa ya yi mana aiki. Na tsaya a zaure ina shaƙar ƙamshin ƙasa, ina kallon ruwa yana tafe a kwata ja-ja-baƙi kamar shayin da aka manta a wuta, yana ture ganye yana gangarawa. Raina fari ƙal. Aka ƙara ruwa biyu a makon, daga nan sama ta ɗauke, kamar yadda takan yi a farkon damina. Rana ta buɗe, zafi ya dawo kamar ba a taɓa ruwa ba. Sauran ganyen da bai tafi ba ya kwanta a jiƙe yana ruɓewa, yana tsiyayar da baƙin ruwa a hankali zuwa gangare.

Bayan kamar mako biyu kududdufin ya fara sauya kama. Da ma yakan yi gansakuka a gefe-gefe, ba wanda ya damu. Amma a bana sai ya rufe ruf, ya yi kauri, ya koma kamar miyar kuka, ga wani wari mai tayar da zuciya. Masu bulo da ke ɗiban ruwa a wurin suka tare ni suka yi ƙorafi, na ce zan duba. Sau biyu ina wucewa a babur ina toshe hanci. Aikina ne, sunan aikin ma ke nan, amma ni a lokacin randunan mutane nake dubawa.

Ranar wata Talata bayan azahar, ina gida, aka yi sallama a zaure. Jauro Buba ne, da sandarsa, da ƙwarya a hannu. Dogon mutum ne da ba ya gaggawa, amma ranar ko takalmi bai tsaya cirewa daidai ba. Hausarsa irin ta mutanen daji ce, ba ruwansa da mace ko namiji.

"Inna yana nan?"

Ta fito tana gyara mayafi, suka gaisa a tsaye. Ya ajiye ƙwaryar a ƙasa tsakaninsu, cike da koren ruwan nan.

"Inna, Hajiya ya faɗi. Shi da ɗansa. Wallahi ko wuƙa ban samu sa masa ba."

Ya ce da safe suka sha a gefen da iska ta tara koren, kafin hantsi ya ɗaga sun fara rawar jiki, yawu yana zuba, suka zube ɗaya bayan ɗaya a hanyar kiwo. Kafin a kai gida a ɗauko wuƙa rai ya fita. Mushe ke nan, ko nama ba za a ci ba. Inna ta dafa bango ta yi salati, ta yi innalillahi sau uku. Na ɗauka za ta yi kuka. Abin da ta fara tambaya shi ne:

"Naka nawa, Jauro?"

"Uku."

"Allah ya mayar maka da alheri."

"Amin, Inna. Ni kunyarka nake ji. Amana ne."

"Ba kai ba ne. Ruwa ba ya tsami banza."

Ta durƙusa ta tsoma yatsa a ƙwaryar, ta kai hanci. Sannan ta faɗa a hankali, ba da ni take ba, ba kuma da Jauro ba:

"Warin ramina ne wannan, in na kwana biyu ban rufe shi ba."

Ba ta dube ni ba. Da ta dube ni da ya fi mini sauƙi.

Na bi Jauro muka gangara. Na ga Hajiya kwance a gefen hanya, cikinta ya kumbura, fararen ƙafafunta a miƙe, angulaye sun fara sauka a kan itace. Likitan dabbobin da Jauro ya aika a kira, wanda muka yi makaranta tare, yana tsugune a bakin ruwan yana juya koren da kara. Ya ce ya taɓa ganin irinsa a tafkin da kashin shanu ke gangarawa ciki. Ya ce koren nan tsiro ne, abin da shuka take ci shi yake ci, in ya samu taki da rana da ruwa mai kwanciya sai ya haukace, wani irinsa kuma dafi ne da shi. Ya ɗago ya tambaye ni:

"Me kuke zuba wa ruwan nan bana? Kai ne duba-gari."

Na juya baya. Na bar babur a wurin na kama bakin kwatar da ƙafa, na biyo ta sama. Ko'ina na caka sanda sai ta nutse a ruɓaɓɓen ganye, baƙi, mai laushi, irin wanda Inna take kwashewa ta kai wa kuɓewarta, sak. Ba zan ce ganye kaɗai ba ne, akwai ruwan wanki, akwai toka da kashin awaki, amma waɗannan tun da can suna nan. Sabon abu a shekarar biyu ne: ganyen unguwa guda da ba a kai rami ba, da simintin da ya ɗauke shi bai bar ƙasa ta sha ko kaɗan ba. Takin da zai ciyar da fili guda muka aika wa ruwan da ba shi da mafita. Na yi ta tafiya, kwata ta yi ta hawa da ni, har ta kawo ni ƙofar gidanmu, inda ganyen ya fi ko'ina tudu.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi nauyi a rayuwata, har da rasuwar kakanku. Inna ba ta yi mini faɗa ba. In na gaishe ta ta amsa, in an yi tuwo ta ce a kai mini. Amma Malam Duba-gari ya ɓace daga bakinta, tsokana ta ƙare, ranar Juma'a da hantsi sai ta zauna a kan turmi ta zuba wa ƙofa ido. Wanda uwarsa ke masa faɗa bai san gatan da yake da shi ba. Na same ta na durƙusa na ce zan sayar da babur in saya mata wata saniya.

"Ka fara da na Jauro."

Na je wurin Jauro, ya saurare ni har na gama, ya girgiza kai.

"Allah ya bayar, Allah ya karɓa. Ubanka aminina ne, ba na karɓar komai. Na sa ƙaya na kewaye ruwan. Kai ka je ka gyara shi, akwai shanun wasu, akwai yara."

Na kwana uku ina juya maganar. Zan iya yin shiru, a ce annoba ce daga Allah, ba wanda zai tuhume ni, ƙarin girma kuma yana hanya. Zan iya turo lebura su yashe kwata a ce aikin hukuma ne. Amma ramin a gaban jama'a na cike shi, har da aika a kira shaida. Asabar ɗin ƙarshen wata na sa kakina, wanda aka goge, na ɗauki shebur da diga, na buɗe ƙofar baya kamar wancan karon, na fara haƙa ni kaɗai. Da hannuna ya gaji da diga sai in tura baro in shiga kwata har gwiwa in kwaso baƙin ganyen nan in kawo. Kafin hantsi layin ya cika da 'yan kallo. Malam Garba ya baro kekensa ya zo, ya cire hula ya rusuna har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Shara! Allah ya ja zamani!"

Dariyar ta fi ta farko ƙarfi, kuma daga ranar sunan ya zauna. Wani babba a wurin aikinmu ya biyo zagaye a mota, ya sauke gilashi ya ce ina zubar da mutuncin kaki, in same shi ranar Litinin. Na same shi, na faɗa masa gaskiya tun daga farko, har da cewa titin da suka yaba a kwata aka ɓoye shararsa. Ƙarin girman ya wuce ta kaina ya sauka a kan wani, kuma ban sake jin ƙamshinsa ba sai bayan shekaru. Mahaifiyarku ce take kawo mini ruwa a bakin rami, ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba, ko da yake na ga maganar tana yawo a bakinta.

Washegarin ranar da na fara haƙar, Lahadi da la'asar, hannuwana sun yi kanta sun fashe, ina cikin ramin sai na ga inuwa a kaina. Inna ce, da kwandonta da ta sauko da shi daga madafa. Ta zagaya ramin sau ɗaya tana leƙe kamar mai sayen gona.

"Bai kai zurfi ba," in ji ta. "Kuma ka faɗaɗa ta gabas, Malam Duba-gari. Ko a makarantar taku ba a koya muku haƙa ba?"

Na sunkuyar da kai na ci gaba da haƙa, don kada ta ga hawaye. Ina da shekara talatin da wani abu, ina da 'ya'ya biyu, na yi kuka a cikin rami kamar yaron goye. Ban taɓa jin daɗin tsokana irin na ranar ba.

Malam Garba, duk da bakinsa, shi ya fara aiko da kwandon ganye. Na bi gida-gida, ba da littafin sammaci ba, da roƙo, na ce ganye ya daina shiga kwata. Wasu suka haƙa nasu ramin, masu lambu a bakin gari suka fara zuwa da jakuna suna ɗiba. Daga shekarar har na yi ritaya, da na ga hadari ya fara haɗuwa a gabas sai in tara mutanen layi mu yashe kwata kafin ruwan farko, ba bayansa ba. Kududdufin bai koma garau ba, ba zan yi muku daɗin baki ba, gansakukarsa ta gefe tana nan. Amma bai sake yin miyar kukar nan ba, shanun Jauro kuma suka koma sha har ya rasu. Yanzu ma an cike shi an yi shaguna, ruwan layinmu yana wucewa can gaba, zuwa wurin wasu mutanen da ban san su ba. Su ma dai wani wuri ne.

Inna kuwa ta sake farawa daga akuya. Na ce ta bari mu yi mata, ta ce ta ji, amma ta ci gaba da shanya kuɓewarta. Abubuwa suka yi tsada a shekarun nan, kujerar Makka ta yi ta gudu muna binta, ni da ƙannena. Damina huɗu bayan nan ta kai ga maraƙa, ja mai farin goshi, ta kai wa Jauro, ta koma zuwa gaisuwar Juma'a da dusa da kanwa. Wannan karon ba wanda ya sa wa maraƙar suna. A daminar ta biyar, kuɓewa tana fure, ta kwanta kwana shida ta cika. Daga baya na je na sauke nawa faralin, ku kuma kuka sake biya mini na je na yi mata, Allah ya saka muku, Allah ya karɓa. Amma ita so ta yi ta gani da idonta. Har ta koma ga Allah ba wanda ya kira ta Hajiya. A zamaninta saniya ce kaɗai ta ci sunan nan a gidanmu, kuma ni na san inda ta faɗi.

To, kun ji. Gida naku ne, in na bi Inna ku yi yadda kuka ga dama da maina da ramin, ba zan tashi in hana ba. Amma muddin ina iya sunkuyawa, ganyen ƙofar nan ba zai shiga kwata ba. Wanda a cikinku ya ji kunyar a ga ubansa yana shara, ba sai ya turo ma'aikata ba. Tsintsiyar tana bayan ƙyauren zaure, kwandon yana rataye a madafa inda ta bar shi. Ana farawa bayan sallar asuba.